Kafin In Ajiye Makullin Mota

Litinin, 7 ga Yuli, 10:40 na safe

Na sayi littafin nan a bakin kasuwar Wuse. Mai manyan layuka na ce a ba ni. Ina zaune a mota ƙarƙashin bishiyar bayan ofis, Madam Patricia tana sama tana taro, ta ce sai ƙarfe ɗaya za ta sauko. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa ta, tun kamfaninta na sayar da kayan ofis yana ɗaki biyu. Rabin aikina jira ne. To bari jiran ya yi amfani.

Likitar da na gani ranar Alhamis ta ce wata uku, in an dace shida. Ba mutuwa ba, kada wanda ya tsinci littafin nan ya tsorata. Aikin take nufi. Ta ce da ita ce ni, da tun ranar ta ajiye. Na ce mata na ji.

Ni Maharazu, shekarata arba'in da tara, ban iya komai ba sai sitiyari. Abin da nake so kafin lokacin ya cika shi ne hanya biyu ko uku da kuɗi zai riƙa shigowa gida ko ina zaune, ko ina kwance. 'Yata Nabilah tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, ba za ta dawo gida saboda ni ba. Matata Muhibba ba za ta koma Malumfashi da akwati ta zauna a ɗakin yayarta ba. Wannan na rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Ban gaya wa Muhibba ba.

Laraba, 9 ga Yuli, 12:15 na rana

Michael, mai kula da sito a ofis, ya same ni a mota da wayarsa. Wai akwai wata manhaja, ka zuba kuɗi, kullum da safe ka danna wuri ɗaya, a kwana arba'in ya ninka.

"Oga Maharazu, ni ina barci kuɗi yana aiki. Duba nan, duba."

Na karɓa na duba. Rubutun ƙanana ne, kamar an watsa gero a tire. Na kai wayar kusa, na kai ta nesa, na karkata kai hagu. Kunya ta hana ni cewa ya karanta min. Na miƙa masa na ce zan yi shawara. Ya ce wurin yana cika, in yi sauri.

Abin da ban iya karantawa ba ba zan sa wa kuɗina ba. Amma raina ya biya, ba zan ɓoye wa littafi ba.

Asabar, 12 ga Yuli, 4:30 na yamma

Na sayar da babur. Na ɗauki adashina na ofis, dama wannan watan nawa ne.

Maƙwabcina Zacharias ya raka ni kasuwar Dei-Dei. Walda yake yi da gyaran inji a nan Jiwa, matarsa Mabel tana da shagon kayan shayi a bakin hanya. Mun sayi firiza na hannu da kujerun roba hamsin. Firizan zai zauna a shagon Mabel, ta riƙa daskarar da ƙanƙara tana sayarwa, mu raba. Kujerun na haya ne, suna, biki, taron coci, duk wanda ya zo.

A hanya Zacharias ya ce, "Malam, wannan gaggawa na menene? Kai da ko takalmi sai ka yi wata biyu kana tunani."

Na ce tsufa ne.

Muhibba ta tambayi babur. Na ce fetur ya yi tsada. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Litinin, 14 ga Yuli, 7:05 na safe

Maganin ɗigawa yana cikin aljihun ƙofar mota. Safe da la'asar. A gida ba na sawa.

Talata, 15 ga Yuli, 2:00 na rana

Ruwa tun asuba. Mabel ta ce ƙanƙara biyu aka saya, ɗaya ma mai zoɓo ce ta saya don tausayi. Ban yi tunanin damina ba. Mutum ya sayi firiza a watan Yuli! Ina ta kallon kwanaki, ban kalli sama ba.

Ba komai. Rani zai zo. Sai dai ban san yadda ranin zai same ni ba.

Juma'a, 18 ga Yuli, 3:20 na yamma

Bari in rubuta a hankali.

Na kai Madam filin jirgi, ina dawowa ni kaɗai. Daidai Kuchigoro na rage gudu saboda masu tsallaka titi. Na duba, babu kowa. Wallahi na duba. Sai kawai ƙara a gefen dama, madubi ya lanƙwashe, roba ta tashi sama, jiƙaƙƙen wake ya watsu a gilashi.

Mace ce, za ta kai shekara hamsin, tana zaune a ƙasa tana riƙe da gwiwar hannu. Mutane suka taru. Wani yana cewa a fasa gilashi. Ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar shi, ban mutu ba. Waken ne ya mutu."

Sunanta Asibi. Daga wajen Gwoza rikici ya koro su, shekara goma tana zaune a rumfunan da ke bayan unguwar, ƙosai take soyawa. Na kai ta kemis aka wanke ƙujewar, na biya waken. Na tambaye ta me ya fito da ita babban titi da roba a ka. Ta ce mai injin niƙan ɓangarensu ya tashi tun azumi, yanzu duk matan sai sun tsallaka, safe da yamma.

Da zan tafi ta ce, "Direba, kai ba gudu kake ba. Kallona ma kake, amma ba ka gan ni ba."

Na gyara madubin da hannu. Ya tsage kaɗan, zan ce mashin ne.

Asabar, 19 ga Yuli, 6:40 na safe

Ban yi barcin kirki ba. Mata nawa ne ke tsallaka titin nan kullum?

Asabar, 19 ga Yuli, 5:10 na yamma

An ɗauki kujeru, sunan jariri a Gwagwa. Haya ta farko. An dawo da su, na tsaya na ƙirga, hamsin cif, na sallami mai kura. Ina jin daɗi har ina waƙa.

Muhibba ta fito ta tsaya a kansu. Ta jawo ɗaya, ta jawo wata, har shida.

"Baban Nabilah, waɗannan ba naka ba ne. Naka farare ne tas, waɗannan sun yi ruwan ƙasa, ga ƙafar wannan a tsage. A gabanka aka sauke?"

Na ce hankalina yana waya.

Ta aika aka sayo jan fenti, ta zauna ta rubuta M babba a bayan kowace kujera. Babba ƙwarai, ta cika bayan kujerar. Na ce ai ƙarama ta isa. Ta ce haka take so.

Ban gaya mata ba.

Litinin, 21 ga Yuli, 11:30 na safe

Na yi wa Zacharias maganar injin niƙa. Ya ce akwai wani tsohon inji a shagonsa, mai shi ya bar shi tun bara ya ce a sayar. "Injin yana da kyau, dutsen niƙan ne kawai ya cinye. In ka sayi dutse da bel, ni zan tashe shi." Na ce nawa ne kuɗin aikinsa, ya ce in bari sai inji ya yi magana.

Abin da ya rage a hannuna zai ishi inji, dutse da bel. Bayan haka babu sauran komai. In wannan ya faɗi, na faɗi tare da shi. Na zauna na yi tunanin haka har rabin awa, na kira Zacharias na ce ya fara.

Laraba, 23 ga Yuli, 1:45 na rana

Madam ta aike ni Lugbe da takardu, na tsaya Kuchigoro a dawowa. Na bar motar nesa na taka da ƙafa. Na sami Asibi tana wanke kasko. Na ce zan kawo inji, ta riƙa kula da shi, in riƙa biyan ta a wata.

Ta ajiye soso. "A'a. Na yi wa mutane aiki a garin nan har na gaji. Wanki, shara, reno. Ranar da suka ga dama su ce kada ki zo gobe. In haɗin gwiwa ne, zauna mu yi magana. In aiki ne, ga hanya."

Na zauna a kan bulo. Muka yanke kashi uku: ɗaya na fetur da gyara, ɗaya nata, ɗaya nawa. Rumfa tata ce, inji nawa. Ta kira shugabar matan wurin da wani dattijo suka zama shaida. Ta ce a rubuta. Aka miƙo min biro, na ce dattijon ya rubuta, hannunsa ya fi nawa kyau. Asibi ta kalle ni, ta kau da kai.

Ni na je neman wadda za ta yi min aiki, na dawo da abokiyar kasuwanci. Ban san ko an cuce ni ba ne ko an taimake ni. Ina jin an taimake ni.

Alhamis, 24 ga Yuli, 8:00 na safe

Kwana uku babu wuta a Jiwa. Firiza ya zama akwatin ruwa.

Asabar, 26 ga Yuli, 12:30 na rana

Asibiti. Wannan gwajin idon da ake sa kai a cikin wani abu kamar ƙwarya ana danna abu in an ga haske. Na daɗe ban danna ba, har ma'aikacin ya leƙo ya ce ko na yi barci. Likita ta ajiye takarda biyu gefe da gefe, ta watan jiya da ta yau. Ba sai ta yi bayani ba, baƙin ya fi yawa a ta yau.

Ta ce, "Malam, har yanzu kana tuƙi?"

Na ce kaɗan-kaɗan.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce idon dama ya riga ya tafi, na hagu ake so a tsare, akwai aikin da za a yi. Ta ce in zo da wani nawa ranar. Na ce to.

Wata ɗaya nake nema. Inji ya tashi, kujeru su san hanya, a biya kuɗin zangon Nabilah daga albashin Agusta. Wata ɗaya kawai.

Litinin, 28 ga Yuli, 10:10 na safe

Manhajar Michael ta rufe. Tun Asabar ba ta buɗewa. Yana zaune a bakin sito, ya sa kai cikin gwiwa. Kuɗin hayar gidansa ne a ciki, da na ƙanwarsa. Na saya masa shayi da burodi, bai taɓa ba. Ya ce, "Oga, kai ka yi wayo."

Ba wayo ba ne. Da na iya karanta rubutun nan ranar, da yanzu mu biyu ne a bakin siton. Ban san yadda mutum zai gode wa irin wannan abu ba.

Laraba, 30 ga Yuli, 4:50 na yamma

Mabel ta fi ni kai. Ta ce a bar zancen ƙanƙara sai rani. Masu sayar da kifi da kaji a bakin hanya ba su da wurin ajiye abin da ya kwana, ta ba su hayar wuri a firizan, kowace da ledarta da sunanta. In an ɗauke wuta su haɗa kuɗin fetur a ja daga janareton Zacharias. Mata huɗu sun shiga. Ba yawa, amma kullum ne.

Na lura duk abin da na kawo da dabarata sai wata mace ta gyara shi kafin ya yi aiki.

Asabar, 2 ga Agusta, 6:00 na yamma

Inji ya tashi!

Mun kai shi a bayan a-kori-kura, ni da Zacharias. Zacharias ya ja igiya sau huɗu, injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya kama. Kafin a gama ɗaure bel robobi sun yi layi har bayan rumfa, wake, masara, tattasai, gero. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna da hannu biyu tana magana da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Asibi ta ɗaura ɗankwali a hanci tana ba da umarni kamar ta shekara tana yi.

Zacharias ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Da muka hau mota ya ce, "Malam, ni na daɗe da sani. Ran nan na miƙa maka sufana ta dama, ka bar hannuna a sama. Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma motar Madam ba keke ba ne."

Na ce wata ɗaya.

Ya ce, "Titi bai san wata ɗaya ba."

Ban gaya wa Muhibba ba. Yau na so, da muna cin tuwo. Ta yi ta murnar inji, na kasa ɓata mata.

Litinin, 4 ga Agusta, 9:00 na safe

Lafiya ƙalau. Ina bin layin tsakiya, ina juya kai gaba ɗaya kafin in karya kwana. Madam ta ce wuyana ne ke ciwo? Na ce eh.

Laraba, 6 ga Agusta, 1:20 na rana

Danja ta ba da ja, na gani. Ɗan sandan da ke tsaye a gefenta ne ban gani ba. Ya buga bonet. An wuce da ban haƙuri.

Kwana ashirin da biyar ya rage.

Juma'a, 8 ga Agusta, 5:40 na yamma

Shi ke nan.

Mun taso daga ofis ƙarfe uku da rabi, Madam a baya da ɗanta Alexander da muka ɗauko daga darasin hutu. Hadari ya haɗu, gari ya yi duhu kamar magariba. Muna kan babban titi ruwa ya sauko. Fitilun motoci suka narke suka zama abu ɗaya. Layin titi ya ɓace. Ina jin hon a dama, ina jin hon a hagu, ban san wa ke ina ba. Yaron yana ba uwarsa labarin ƙwallo.

Na sa sigina, na lallaɓa har na ji taya ta taɓa tsakuwa, na tsaya. Na kashe mota.

Madam ta ce, "Maharazu, lafiya? Motar ce?"

Na ce, "Ba motar ba ce, Madam. Ba na ganin hanya."

"Ruwan zai tsagaita."

"Ko ya tsagaita."

Na faɗa mata. Duka, da Kuchigoro, da madubin da na ce mashin ne. Ruwa yana dukan rufin mota kamar ana zuba tsakuwa.

"Tun yaushe?"

"Wata guda da sani. Kafin nan ina zargi."

"Wata guda. Da ni da yarona a bayanka."

Ta buɗe ƙofa ta fito cikin ruwan, ta zagayo, ta ƙwanƙwasa gilashina. Na matsa ɗaya kujerar. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa zama a wannan gefen ba. Ita ta tuƙa, a jiƙe sharkaf, har Life Camp. Ta tsaya inda ake hawa motar Jiwa. Na ciro makullin ofis da na gareji na ajiye a gaban mota, na ɗauki maganina daga aljihun ƙofa.

Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Da ka faɗa min tun farko, da ni zan kai ka asibitin. Ka zo Litinin mu yi maganar sallamarka. Yanzu ba na son ganinka."

Tana da gaskiya. Ina rubuta wannan a rumfar mai shayi, ina jiran ruwa ya ɗauke. Albashin Agusta ban san matsayinsa ba. Abin mamaki, yunwa nake ji. Rabona da jin yunwa tun Yuli.

Asabar, 9 ga Agusta, 11:00 na safe

Na gaya wa Muhibba bayan sallar asuba. Na shirya magana mai tsawo, ban kai rabi ba ta ce, "Na dama ne ko?"

Na ce wa ya faɗa mata.

"Wa zai faɗa min? Wata biyu ke nan ina ajiye maka shayi ta hagu. Na ɗauke turmi daga bakin ƙofa, na mayar da buta gefe ɗaya. Kana tsammani da kansu suka tashi?"

Na ce to me ya hana ta magana.

"Kai me ya hana ka? Kullum ka fita da motar nan sai na yi ta salati har ka dawo. Na ce in na tambaye ka za ka ce ƙalau, kuma daga ranar ka fara ɓoye min har tuntuɓe."

Da na ce Zacharias ma ya sani, sai ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce na mayar da ita baƙuwa a gidanta, Zacharias ma ya riga ta ji daga bakina. Na ce shi ma ba daga bakina ya ji ba. Wannan bai taimaka ba. Da ta gama ta share fuska ta ce in kawo takardun asibiti. Ta kira Nabilah ta karanta mata su ɗaya bayan ɗaya a waya.

Litinin, 11 ga Agusta, 2:30 na rana

Na je ofis a bas. Madam ta biya Agusta cikakke da sallamar da ta fi abin da na zata. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce in ana taron ƙarshen shekara za a nemi kujeru. Michael ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da mota.

Kujeru sun fita sau biyu a makon nan. Firiza yana nan yana abin da yake yi. Asibi ta aiko da kasona na farko a ƙulle cikin leda, da ƙosai a sama. Duka ukun in an haɗa ba su kai rabin albashina ba. Na faɗa wa Muhibba haka. Ta ce rabin da ke zuwa da kansa ne, sauran rabin mu nemo shi mu biyu.

Alhamis, 14 ga Agusta, 4:15 na yamma

Muhibba ce ke rubuta wannan, ni nake faɗa. An yi aikin jiya, fuskata a naɗe take, sai Litinin za a buɗe a ga abin da aka samu. Likita ba ta yi alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Muhibba ta ce rubutuna na makon jiya ya hau kan layi ya sauka kamar tafiyar agwagwa. Na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai. Ta ce littafin yanzu a hannunta yake.

Asibi ta kira ɗazu tana cewa inji yana wani kuka. Na ce ta kai wayar kusa da shi. Na saurara. Shekara talatin ina jin kukan inji, wannan bel ne ya saki, ba wani abu ba. Na ce ta kashe, ta nemo sufana mai lamba goma sha bakwai a jakar da Zacharias ya bari, ta sassauta ƙusoshi huɗu na ƙasa, ta ja injin baya kaɗan, ta ɗaure. Ta ce ba ta taɓa riƙe sufana ba. Na ce ni ma ban taɓa gyara inji da ido a rufe ba, mu gwada.

Muka yi minti ashirin a waya. Ta ja igiya. Na ce Muhibba ta yi shiru in ji.

Ya daidaita.